Neman shawara: an ba ni aiki kan ƙananan halittun ƙasan teku

Ɗalibi daga Birni: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Jami'ar André Salifou nan Damagaram. An ba ni aiki in bayyana me ya sa halittun nan masu ƙwayar rai guda da ɓawo, foraminifera, ke cika wani gefen lungun teku, wani gefen kuma sai ɗai-ɗai. Ni ko tekun ban taɓa gani ba. Ta ina zan kama? Don Allah a agaza mini.

Malama daga Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da gishiri. Ruwan teku na da wajen giram 35 a lita, amma inda kogi ke zubowa sai ya ragu. A nan ire-iren foraminifera da ake kira Ammonia da Elphidium ke yawa, don suna jure sauyin. Irin su Quinqueloculina sun fi son inda gishiri ya cika. Kawo misalin tafkin Nokoué na Kwatano: da damina kogin Ouémé ya cika shi da ruwan daɗi, da rani ruwan teku ya shigo.

Tsohon ɗalibi daga Garin Malam: Malama ta yi gaskiya, amma ni a ganina laka ta fi gishiri ɗaure kai. Inda ruwa ke kwance, laka mai laushi na tara ruɓaɓɓen ganye da dattin gari. Abinci ya samu ke nan, sai dai ruɓewar na cinye iskar oksijin. Ka taɓa tona lakar tafki ka gan ta baƙi ƙirin tana warin baragurbi? To a irin wurin nan iri kaɗan ne ke rayuwa, amma su yi yawa sosai. In ruwan ya yi tsami kuma, ɓawon masu alli narkewa yake, a bar masu gina ɓawonsu da ƙwayoyin yashi. Kada ka manta da yadda ake aunawa: santimita 1 na saman laka ake ɗiba, a rina da wani jan rini, Rose Bengal, don a gane masu rai, a tace da rariyar mikron 63 (mikron dubu ke yin milimita 1).

Ɗalibi daga Birni: Allah ya saka da alheri. Yaya, in na je tafkin Gidimuni na ɗebo laka zan gan su?

Tsohon ɗalibi daga Garin Malam: Da wuya, su 'yan ruwan teku ne. Can wasu ƙananan halittun ruwa daban, diyatom da ostrakod, za ka samu. In foraminifera kake so, nemi gutsuren farar ƙasar Malbaza da ake siminti da ita, tsohon teku ne ya ajiye ta. Ka roƙi malaminka ya yanka maka ita siririya ka duba a madubin ƙara girma.