Don Allah iyaye mata, wane pampas ne ba ya sa jarirai ƙuraje da zafin nan?

Sabuwar Uwa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema, haihuwata ta fari ce, ɗiyata mace ko arba'in ba mu yi ba, kuma kun dai san zafin Birnin Kebbi na wannan lokaci ga wuta ba ta zama balle a ce fanka. Tun da munka yi suna nake sa mata pampas ɗin da anka kawo cikin kayan barka, ina canza mata da safe da la'asar sai kuma in za mu kwanta, to yanzu mazauninta da cinyoyinta duk sun yi jajir, in na zo wanke ta kuka take har da shiɗewa, wallahi nima sai in ji hawaye. Uwar mijina ta ce in bar pampas kwata-kwata in koma nafkin in riƙa barbaɗa mata hoda, maƙwabciyata kuma ta ce a'a kamfani zan canza. Wanne zan saya? Kuma ya ake gane saiz, don wannan kamar yana matse ta.

Uwar Tagwaye, Gusau:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana ita. 'Yar uwa kar ki wahal da kanki da neman kamfani, matsalarki daɗewar da yake yi jikinta ce. Jaririyar da ba ta yi arba'in ba kusan duk shan nono sai ta yi kashi, sau uku a yini ya yi kaɗan ƙwarai, fitsari da kashi da zufa sun haɗu an rufe da leda cikin wannan zafi, ai dole fata ta dahu. Na san kuɗi ne kike tausayi, kowa ma haka, ni da nake da biyu ai na fi ki sanin tsadar abin nan, tun da masu Pampers sunka sanar ƙarshen 2023 cewa sun daina yin shi a Najeriya sai dai a shigo da shi, masu Huggies ma sunka rufe masana'antarsu ta Ikorodu a 2024, yanzu mafi yawa Molfix da Softcare da makamantansu kike gani a shaguna. Abin da nake yi shi ne nafkin da rana, pampas da dare da kuma in za mu fita unguwa ko asibiti. Nafkin da ta jiƙa kin gani kin cire, ba a yaudarar kai da cewa bai cika ba. Sai dai wanki, ki wanke da sabulu ki ɗauraye sosai har kumfa ya fita tas ki shanya a rana ba cikin ɗaki ba, kuma kar ki ɗora mata wandon roba a sama da zafin nan.

Ma'aikaciyar Jinya, Jega:
Sannu Maman bebi, kar hankalinki ya tashi, muna ganin irin wannan kullum ranar rigakafi musamman daga Maris zuwa Mayu. Abin da Uwar Tagwaye ta faɗa haka ne. Ki duba ta duk bayan awa 2 zuwa 3, in kashi ne kuma nan take ko da tsakar dare ne. Ki wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da hannunki ko auduga, tishun nan mai lema mai ƙamshi ki ajiye shi tukuna don yana ƙara mata raɗaɗi. Tunda mace ce daga gaba zuwa baya ake shafowa, kada ki jawo kashin zuwa gabanta, hakan na iya kawo ciwon mafitsara. Ki ɗan daddanna da tsumma mai laushi ba gogewa ba, ki buɗe matsematsin cinya ki tabbata ya bushe, sannan ki shimfiɗa leda da zani ki bar ta haka nan ta sha iska na ɗan lokaci kafin ki mayar. Wannan shan iskar kaɗai yana aiki fiye da yadda kike zato. Sai ki shafa basilin marar turare ko man da ke da zinc oxide, ki sa da ɗan kauri.

Hoda kam ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, jariri na shaƙarta ta shiga huhu, kuma in ta haɗu da lema dunƙulewa take a matsematsi. Sannan ina roƙonki kar ki je kemis a ba ki man nan mai haɗi uku da mata ke shafawa, akwai sitiroyid a ciki, yana sa fatar jariri ta yi siriri. In kwana 3 sun wuce ba sauƙi, ko kin ga jan ya yi tsananin ja har cikin lungun cinya da ƙananan ɗigo-ɗigo a gefe, wannan ya fi kama da ƙwayar fangas, maganinsa daban ne sai an duba ta. In kuma akwai ruwa ko mugunya ko jikinta ya yi zafi ko ta ƙi nono, ranar za ki kai ta asibiti, jaririya ƙarama haka ba a jira da zazzaɓi.

Batun saiz da nauyi ake bi ba da watanni ba, an rubuta kilo a jikin ledar, lamba 1 yawanci kilo 2 zuwa 5 ne. In kin ɗaura ki sa yatsu biyu tsakanin cikinta da pampas ɗin, in ba su shiga ba ko kina ganin shatin roba a cinyarta to ya yi mata kaɗan. Kuma ki lura, jaririn da ke samun nono isasshe yana jiƙa aƙalla 6 a yini.

Kakar Yara, Argungu:
Ɗiyata ki ji maganar malamar asibiti. Amma uwar mijinki ba ta yi ƙarya ba wajen nafkin, mu da tsohon zane munka reni namu, mai laushi wanda ya sha wanki, da man kaɗe, kuma da yaro ya fara zama muke ɗora shi bisa ƙafa muna yi mishi tsss har ya saba. Abin da ke ɓata min rai da 'yan matan yanzu shi ne a sa ma yaro abin nan tun hantsi har ya yi nauyi yana reto tsakanin ƙafafu uwa na danna waya. Kuma don Allah in kun cire ku zubda kashin a masai ku naɗe ku ƙulle a leda, kwatar unguwarmu duk shi ya toshe ta, awaki na jan shi har ƙofar gida.

Baban Biyu, Talata Mafara:
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Kar maigida ya sayi katan guda na lamba ɗaya, yara na saurin girma, ya fara ɗaukar ƙaramar leda a gwada. Kuma a yi hattara da wanda ake sayarwa a buɗe ɗai-ɗai a kasuwa yana shan ƙura da rana.

Sabuwar Uwa, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Mama na ji kuma in sha Allahu zan kiyaye. Yanzu haka na cire mata tana kwance bisa zani tana shan iska, na aika a sayo basilin da nafkin. Anti nas tambaya ɗaya ta rage, man kaɗen da Mama ta ce zan iya shafa mata shi maimakon basilin ɗin, ko in bari sai wurin ya warke?