Hoton Norma Jeane: takarda ake saye ko suna?

Kabiru: Jama'a, ina nan kan bakana. Masu zuba daloli a gwanjo don tsofaffin hotunan Marilyn Monroe, tauraruwar fim ta Amurka, na lokacin da take tallan kaya da sunan Norma Jeane, suna kawai suke saye. Negatif ɗin, wato fim ɗin kyamara da ake wanke hoton daga gare shi, ɗaya ne. Ka wanke yau, ka wanke a 1945, fuska ɗaya za ta fito.

Baba Mai Hoto: Kabiru, yaro man kaza. Ka taɓa shiga ɗakin duhu kuwa? Hoton da mai ɗauka ya wanke da hannunsa a shekarar da ya ɗauka daban, wanda magada suka wanke bayan ya mutu daban. Takardar ma ba iri ɗaya ba ce. André de Dienes ya ɗauke ta a 1945, tana da shekara 19, gashinta bai koma fari ba tukuna. Ya mutu a 1985. Duk abin da aka wanke daga negatif ɗinsa bayan nan, idonsa bai gani ba, bai ce a ƙara haske ko a rage ba. Shi ya sa mai saye na gaske yake fara juya hoton ya duba baya: hatimin mai ɗauka, rubutun fensir, alamar kamfanin takarda.

Kabiru: Allah ya ja da ran Baba, ai hatimi ana sassaƙa shi a kasuwa.

Baba Mai Hoto: Ana yi. Shi ya sa ake tambayar hannun da hoton ya bi kafin ya iso gwanjo. Da jabu da na gaske duk suna ɗaya suke ɗauke da shi, to me ya raba kuɗinsu?

Anti Rabi: Ku dai kuna ta takarda, ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A 1949 Tom Kelley ya ɗauke ta hotunan da ba su dace a bayyana a nan ba, lokacin ba ta da aikin fim, ya ba ta dala 50. Daga baya Hugh Hefner ya sayi izinin buga ɗaya daga wurin kamfanin kalanda a kan dala 500, ya buɗe mujallar Playboy da shi a Disambar 1953. Ita ko sisi ba a ƙara mata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nura: Anti, ai dokar Amurka ce haka, hoto na wanda ya ɗauka ne ko wanda ya sa shi aikin. Kuma ta sa hannu a takardar yarda.

Anti Rabi: Mai jin yunwa ai ko me aka miƙo masa zai sa hannu, Nura.

Kabiru: To ga hujjata ta fito daga bakin Anti. A masana'antar Radioplane wani sojan ɗaukar hoto, David Conover, ya fara ganinta ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Mata nawa aka ɗauka a masana'antu a lokacin? Wa ke neman hotonsu yau? Da ba ta shiga kamfanin fim na Fox a 1946 ta sauya suna ba, da ba ta mutu a 1962 tana da shekara 36 ba, da hoton nan yana cikin kwali gara na ci.

Baba Mai Hoto: Wannan na ba ka. Suna ne ke kawo mutum ƙofar gwanjo. Amma in ya shiga ya tarar da hotuna biyu masu fuska ɗaya, sunan ba zai gaya masa wanda zai ɗauka ba. (Ni da na zubar da negatif buhu guda da na tashi daga tsohon shagona, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.)

Nura: Baba, akwai 'yan fim a ciki?

Baba Mai Hoto: Amare ne da 'yan makaranta. Wa ya san abin da suka zama.

Kabiru: Ni dai ko kyauta aka ba ni na 1945, sayarwa zan yi in wanke sabo in rataye.

Anti Rabi: Ka sayar wa wa, tunda ka ce duk ɗaya ne?