Masu zama da kare a Legas, me kuka gani?

Daga Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai gidan da muke haya ya ce zai kawo kare saboda ɓarayin batirin mota. Hankalina bai kwanta ba, ga yara, ga alwala a tsakar gida. Wanda ya taɓa zama da kare ya ba mu labari.

Daga Lekki: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni gadi nake yi, karen maigida a hannuna yake, irin manyan nan Boerboel. Kullum bayan sallar asuba sai na zaga da shi kafin rana ta ɗaga. Da can daga bencin bakin ƙofa sai ɗaki, har tumbi ya fara leƙowa. Yanzu jikina ya saki, barci ma ya daidaita. Sai kuma jama'a. Masu gadin layinmu da ko sannu ba ta haɗa mu, Yarabawa da 'yan Nijar, yanzu sai sun tambayi lafiyar karen kafin tawa! Ta wannan gaisuwar ƙanena ya samu aiki.

Daga Mile 12: Namu karen gida ne, ragowar tuwo da ƙashi yake ci. Tun zuwansa muke barci da ido biyu a rufe.

Daga Idi-Araba: Yaya, aikin jinya nake yi, don haka ga nawa. Ki tambayi mai gidan katin rigakafin haukan kare, duk shekara ake sabunta allurar. In ya ciji yaro ko ya karce shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar. Cutar in ta bayyana a jiki ba a tashi. A riƙa duba kunnensa saboda kaska.

Daga Obalende: Hadisi ya yarda da kare don farauta, kiwo da gona, malamai da yawa sun haɗa da gadin gida. An ruwaito Ibn Abi Zaid mai Risala ma ya ajiye kare da katangarsa ta faɗi. Kwanon da ya sa wa baki a wanke sau 7, kuma ban da ɗaki.

Daga Agege: Na gode. Zan nemi a yi masa keji a bayan gida, nesa da randa da butoci. Ɗan uwa na Lekki, da rana sakinsa kuke yi ko ɗaurewa?