Abin da muka tsinta daga zaɓen Moris

Daren jiya hira ta kai mu tsibirin Moris (Mauritius) da ke tekun Indiya, inda zaɓen 10 ga Nuwamba 2024 ya kayar da gwamnatin Pravind Jugnauth, ƙawancen 'yan adawa na Navin Ramgoolam ya kwashe kujeru 60 cikin 62.

Wurin da aka fi daɗewa shi ne toshe kafafen sada zumunta. Kwana tara kafin zaɓe, bayan wasu muryoyin da aka naɗa a asirce sun bazu, hukuma ta rufe Facebook da sauransu, washegari kuma ta buɗe saboda ihun jama'a. Kusan kowa ya ce mai mulki kada ya kuskura: wanda bai ji faifan ba ma sai ya je nemansa. Wani dattijo ya ajiye kofin shayinsa ya ce, ai rufe bakin mutane dab da zaɓe tamkar amsa laifi ne.

Ga 'yan adawa kuwa, shawarar ita ce a haɗa kai tun da wuri, kamar yadda Ramgoolam ya yi da Paul Bérenger, jagoran wata jam'iyyar adawa a lokacin. A can kusan kowace mazaɓa mutum uku take zaɓa, don haka 'yar rata kaɗan kan zama share fage. Ni dai na ce nasarar da ta bar majalisa kusan ba 'yan adawa abin tsoro ce. Ba a kula ni sosai ba.

An kuma yaba wa Jugnauth da ya amsa shan kaye tun kafin a kammala ƙirga.