Taƙaitawar abin da aka tattauna kan ciwon zuciya

Ga abin da na tattaro daga maganganun da aka yi.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a riƙa auna hawan jini, suga da kitsen jini kafin alamun ciwo su bayyana, domin binciken Framingham da aka fara a Amurka a 1948 ya tabbatar da cewa su da shan taba ne manyan abubuwan da ke jawo shi. An kuma ambaci PREVENT na 2023, ma'aunin ƙiyasta haɗarin kamuwa da ciwon zuciya, wanda ya ƙara lafiyar ƙoda cikin lissafin haɗari.

2. An sha bamban kan saka ƙarfen da ke buɗe jijiyar zuciya. Wasu sun ce a gaggauta, wasu kuma sun kawo binciken ISCHEMIA na 2019, wanda ya nuna cewa ga mai ciwon da bai tsananta ba, magani kaɗai bai gaza tiyata ba wajen rage mutuwa. Amma duka ɓangarorin sun amince cewa idan jijiya ta toshe farat ɗaya, babu jira. A ganina, hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi.

3. Sauya bawul ɗin zuciya (ƙofar da ke hana jini komawa baya) ta jijiyar cinya ba tare da tsaga ƙirji ba, wanda aka fara a Faransa a 2002, ya samu yabo, sai dai an koka da tsadarsa.

4. Likitoci sun ja kunne cewa kada mai lafiya ya fara shan asfirin kullum da kansa, saboda haɗarin zubar jini.