Mazauna Niyok, me kuka gani a zaɓen fidda gwani na 'yan Majalisar Wakilai ta Amurka?

Ɗan Zango, Bronx: Salamu alaikum jama'a. Abin da ya same ni ne ya sa na buɗe wannan magana, don kada ya samu wani. Shekarar da na karɓi takardar zama ɗan ƙasa na yi rajistar zaɓe, amma wurin da ake zaɓar jam'iyya na bar shi fayau, a tunanina hakan ya fi tsafta. Ranar fidda gwani na tashi daga aikin dare, ko gida ban je ba na wuce rumfa. Matar da ke kan tebur ta duba ta ga sunana, ta ce ba ni da ƙuri'a a ranar, domin a jihar Niyok sai mai rajista da jam'iyya ne ke zaɓen ɗan takararta. Na ce to a sauya mini yanzu, ta ce wa'adin sauyawa 14 ga Fabrairu ne, ya wuce tuni. Na fito jiki a sanyaye. Don Allah kowa ya faɗi nasa.

Hajiya mai abinci, Harlem: Wa alaikumus salam. Sannu ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Ni tawa a 2022 ta faru. Na yi zaɓe ranar 28 ga Yuni, na dawo ina ganin na sauke nauyi. Ashe na gwamna ne da 'yan ƙaramar majalisar jiha. Na Majalisar Wakilai an ɗage shi zuwa 23 ga Agusta saboda kotu ta soke taswirar mazaɓu. Lokacin ina Maraɗi wajen bikin 'yar ƙanwata, a can na ji labari.

Malamin lissafi, Queens: Hajiya, shekarar nan ta rikita mutane da yawa. Tushen abin ƙidayar 2020 ce. Jihar ta rasa kujera ɗaya, daga 27 ta koma 26, kuma mutum 89 kacal suka rage a lissafi da ba ta rasa ba. Ni na yi aikin ƙidayar, na ƙwanƙwasa ƙofofin da na san 'yan uwanmu ne a ciki, ina jin ƙamshin miyar kuka har waje, amma aka ƙi buɗewa don tsoron jami'an shige da fice. Har yau abin yana cina. Bayan kotu ta soke taswirar da 'yan Dimokurat suka zana, wani masani da alƙali ya naɗa ne ya sake zana ta. A nan ne aka haɗa Jerry Nadler da Carolyn Maloney a mazaɓa ta 12, mutum biyu 'yan jam'iyya ɗaya da suka yi shekara kusan 30 tare a majalisa, dole ɗaya ya kayar da ɗaya. Nadler ya yi nasara.

Ɗan Zango, Bronx: Malam, 89? Ai ginin da nake ciki kaɗai ya fi haka.

Direban tasi, Yonkers: Ni a mazaɓa ta 16 nake. A 2024 akwatin wasiƙuna kullum cike yake da takardun talla masu sheƙi, wata rana uku, wata rana huɗu, yawancinsu na sukar Jamaal Bowman, ɗan majalisarmu na lokacin, wanda ke adawa da yaƙin Gaza. Kuɗin da aka zuba ya sa aka ce ba a taɓa fidda gwani na ɗan majalisar wakilai mai tsadarsa ba. Bayan sallar Juma'a kowa maganar Gaza yake, kowa ya ce zai fito. Ranar 25 ga Yuni na kashe mita, na ɗauki dattawa uku kyauta zuwa rumfa. Ɗaya ya jefa. Ɗaya ba shi da jam'iyya, irin na Ɗan Zango. Na ukun ya ƙaura bai sauya adireshi ba, sai takardar rantsuwa aka ba shi ya cike ya jefa a ambulan. George Latimer, abokin karawar Bowman, ya ci. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu zafin baki a ƙofar masallaci, da dama ban gan su a layi ba.

'Yar Kano, ma'aikaciyar jinya: Yaya, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu mun taso da tunanin fidda gwani aikin daliget ne, a kulle su a otal, talaka ya jira babban zaɓe. Nan 'yar tinƙe ce ta kowane ɗan jam'iyya. Kuma a yawancin mazaɓun Bronx, wanda ya samu tikitin Dimokurat a Yuni ya gama, Nuwamba cika sharaɗi ne. A 2018 ina mazaɓa ta 14, rumfarmu shiru kamar ba ranar zaɓe ba, minti biyar na shiga na fito. Da dare muka ji Alexandria Ocasio-Cortez ta kayar da Joe Crowley, wanda ke majalisa tun 1999, da ratar ƙuri'a kusan 4,000. Duka waɗanda suka jefa ba su kai 30,000 ba.

Baba Limami, Bronx: Allah ya yi muku albarka. Abu ɗaya zan ƙara, kuma ku riƙe shi da kyau. Mai girin kad, wato mai katin zama na dindindin da bai zama ɗan ƙasa ba, kada ya kuskura ya yi rajista ko ya jefa ƙuri'a, ko da wani ya miƙo masa fom a bakin titi. Laifi ne babba, yana iya jawo a kore mutum daga ƙasar. Na taɓa karɓe biro daga hannun wani yaronmu yana shirin sa hannu.

Hajiya mai abinci, Harlem: Amin Baba. Ni yanzu tun daga ranakun zaɓen wuri nake zuwa, kwana tara ake bayarwa. Ɗana na Bronx, ka je ka cike fom ɗin jam'iyyar tun kafin Fabrairu. In ka zo shago akwai guda a ƙarƙashin kanta, na ajiye da yawa.