Musayar Baituka Kan Sabon Faifan Bombino

Malamin Damagaram:

Assalamu alaikum, 'yan uwa ma'abota waƙa. Tun ranar 18 ga Mayu ta shekarar 2018 ne Omara Moctar, makaɗin jitar nan na Agadas da duniya ta sani da Bombino, ya fitar da sabon faifansa mai suna Deran, mai ɗauke da waƙoƙi 10, amma da yake fitowar tasa ta zo daidai da kamawar azumi, yawancinmu ba mu zauna mun saurare shi ba sai bayan ƙaramar salla. A birnin Kasablanka na ƙasar Maroko aka naɗe shi, alhali biyun da suka gabace shi a Amurka aka yi su, ɗaya a birnin Nashbil, ɗaya a Wudistok. Sharaɗinmu yana nan kamar kullum, wato kowa ya faɗi ra'ayinsa a baiti, kuma a soki waƙa ba tare da an taɓa mutunci ba. Ga nawa.

Da sunan Ubangiji nake buɗe baitina,
Wanda ya shimfiɗa hamadar Tenere, ya ƙagi duniya.

Na kunna faifan da dare a cikin zaurena,
Shayi na bisa gawayi, ba baƙo, ba hayaniya.

Tun bugun farko jitar ta kama kunnena,
Tana sukuwa kamar taguwar da ta hango rijiya.

Na Nashbil a 2013 ya cika ƙara, a ganina,
Na Wudistok a 2016 ya sa rege a cikin tafiya.

Wannan karon ya juyo gida, shi ne abin sona,
Ko da Kasablanka ce, ai nahiyarmu ce ɗaya.

Tafi na nan, amshi na nan, irin na maƙwabtana,
Yadda suke yi da dare a ranar kai amarya.

Wanda ya ji saɓanin haka ya amsa kirana,
Fili yana nan a buɗe, ba gaba, ba ƙiyayya.

Direban hanyar Arlit:

Allah ya gafarta Malam, na karanta baitukanka a tasha muna jiran a gama lodi, kuma ko da yake ni ba gwanin alƙalami ba ne, ba zan iya barin maganar komawa gida ta wuce ba tare da na tanka ba.

Malam, na ji baitinka, ban ƙi shi duka ba,
Amma batun komawa gida ban yarda da shi ba,
Daga Agadas zuwa Kasablanka ba tafiyar yini ce ba,
Sahara na nan tsakani, ko taƙi ba ta ragu ba.

Ni na san kiɗan nan a filin biki,
Janareto na tari, yana yanke aiki,
Ƙura na tashi tana shiga har cikin baki,
Kuma ba wanda ya ce daɗinsa bai kai ba.

Yanzu an shigar da jitar ɗaki mai sanyi,
An tace sautinta, an kakkaɓe rairayi,
Don bakin Turawa aka dafa wannan shayi,
Mu na gida ko ɗanɗano ba a tambaye mu ba.

Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a ƙasan nan,
Manyan motoci sun yi ta fita da shi ta hanyar nan,
Me ya sa makaɗinmu sai ya bar garin nan
Kafin a naɗi muryarsa? Ban samu amsa ba.

Hajiya 'yar Agadas:

Yaya direba, Allah ya kiyaye hanya. Tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, kuma na bar wa manya su amsa ta, amma zargin da ka yi cewa don Turawa aka shirya faifan, wannan kam ni da nake jin Tamashek, harshen Abzinawa da ake waƙar da shi, ba zan yi shiru a kansa ba.

Yaya direba, sannu da hanya, sannu da dawowa,
Amma ka yanke hukunci kafin ka gama saurarawa.

Wanda ya dafa don baƙi, harshen baƙi yake arowa,
Shi kuwa da Tamashek ya buɗe, da ita yake rufewa.

Ya yi waƙar abokai, ya yi ta fatan alheri ga kowa,
Ya yi ta zaman banza, ya yi ta itatuwa.

A 1990 tawayen Abzinawa ya tashi, yana yaro mai tasowa,
Iyalinsu suka nufi Aljeriya don tsira da rayuwa.

A can ya fara taɓa jita, ba makaranta, ba mai koyarwa,
A Libiya ya yi kiwo, yana bin dabbobi yana gwadawa.

A 2007 wuta ta sake tashi, aka hana jita fitowa,
Aka kashe makaɗansa biyu, Burkina ta zame masa inuwa.

A 2010 ya dawo, Sarkin Abzin ya ba da amincewa,
Ya yi wasa a gindin hasumiyar masallaci, inda kowa ke hangowa.

Muna daga ɓangaren mata, guɗa muke ta rangaɗawa,
Tsofaffin da suka sha gudun hijira hawaye suke sharewa.

Mutumin da ya sha wannan ƙura ba ya bukatar nunawa,
Don ya tsabtace sautinsa, ba asalinsa yake zubarwa.

In lasifikar biki ta fashe, talauci ne ke jawowa,
Kada mu mai da rashi ado, mu ce shi ne abin yabawa.

Ɗalibi Bakano:

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ne ƙarami a wannan zama, saboda haka zan taƙaita, sai dai akwai wata tambaya da ta tsaya mini a rai tun da na karanta baitin direba.

Hajiya, ni Bakano ne, ba na jin Abzinanci,
Amma jitar ta isar da saƙo, ba ta nemi tafinta ba don fahimci.

Na taso da kuntigin Ɗan Maraya, tsirkiya ɗaya mai inganci,
Ga mai tsirkiya shida ya zo, na ji tsakaninsu da zumunci.

Waƙoƙin da ya sassauta su ne suka hana ni barci,
Masu zafin kuwa na ajiye su sai wani lokaci.

Sai dai abokina ne ya tura mini a waya, ba ta hanyar kasuwanci,
Ko sisi bai kai ga mai waƙa ba. Wannan so ne ko zalunci?

Baba, tsohon ma'aikacin rediyo:

Madalla da wannan yaro, domin tambayarsa ita ce amsar tambayar direba, ko da yake shi kansa bai lura ba. Na yi shekaru ina juya faifai da kaset a ɗakin watsa shirye-shirye, kuma na ga makaɗa da yawa waɗanda muryarsu ta cika kasuwanni da tasoshin mota amma aljihunsu bai shaida ba. Zan kuma ƙara da wata damuwa tawa, domin a 2013 hukumar UNESCO ta sanya imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya da matan Abzinawa ke gogawa, cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar da Mali da Aljeriya, amma a yau samari ƙalilan ne za su ce sun taɓa zama sun saurare shi.

Ɗana Bakano, tambayarka tana da ma'ana,
Amma makaɗin ƙasarmu, tun zamanin kakana,
Abincinsa na wurin biki ne da taron suna,
Da liƙi a goshi, da kyautar mai gari.

Kaset ya zo, muka kwafa daga rediyo,
Sidi ya zo, muka kwafa har da bidiyo,
Wa ya taɓa tara kuɗin gina situdiyo
Daga kasuwar da ake raba kaya kyauta tun fari?

Saboda haka, direba, ka sassauta fushi,
Mai sayen tikiti a Turai shi ke biyan bashi,
Wanda ya biya kuɗin naɗi dole a tuna da shi,
Mu kuwa namu ya iso a memori tun da wuri.

Ni abin da ke damuna ya wuce Maroko,
Kiɗan nan daga hannun mata ya samo tushe tun farko,
Tende a bakin turmi, imzad a kan ƙoƙo,
Yau jita ta cika fili, su kuma sai a labari.

Direban hanyar Arlit:

Baba, hujjarka ta ɗaure ni, ban iya musu ba,
Kuɗina mai shagon caji ya ci, makaɗi bai gani ba.

Hajiya, tarihin da kika jero ban manta shi ba,
Sai dai tarihi bai taɓa zaɓar wa kunne abin so ba.

Faifansa na 2011 mai sunan garinku, ban ga kamarsa ba,
Sabon kuwa zai bi ni Arlit, ban rufe shari'arsa ba.

In ya hana ni gyangyaɗi bayan Abalak, ba zan ƙara suka ba,
In kuwa barci ya zo, zan faɗa, ba zan ji kunyar kowa ba.

Malamin Damagaram:

To, mun bar shari'ar a buɗe har direba ya sauka lafiya ya kawo mana rahoto. Kafin nan muna roƙon Hajiya ta warware mana abin da waƙar itatuwan take cewa, a baiti ko a zube, domin mu da ba mu jin harshen mu daina yabon kiɗa kaɗai. Maganar imzad da Baba ya taso da ita kuwa za ta zama maudu'in zama na gaba, kuma amsa-amon da za a bi shi ne "ri", tunda shi ya fara da shi.